Wa Ke Fara Jin Labarin Annoba, Kuma Ina Labarin Yake Maƙalewa?

Malamin Firamare:
Assalamu alaikum. Duk shekara da zarar bazara ta kama sai mu ji a rediyo cewa sanƙarau ya ɓulla a ƙaramar hukuma kaza, idan damina ta sauka kuma a koma maganar amai da gudawa, kowace sanarwa da adadinta na waɗanda suka kamu da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ina roƙon waɗanda suka san wannan aiki su fayyace mana yadda ake samo adadin, da kuma wanda nauyin ƙirgawar ya rataya a wuyansa a matakin ƙaramar hukuma. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa mutanen gari sun daɗe da sanin cewa ana ta binne yara kafin hukuma ta ce uffan. Ina son in san inda labarin yake maƙalewa, ko a hannun ma'aikata ne, ko a tsarin kansa, ko kuwa a hannunmu mu jama'a.

Jami'in Sa Ido:
Wa alaikumus salam, Malam. Wannan shi ne aikina, don haka bari in fara da yadda abin yake a rubuce kafin mu zo ga yadda yake a aikace. Kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya tana da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda a wurin aiki muke kira DSNO, yana ƙarƙashin sashen kula da lafiya a matakin farko. Tsarin da muke bi shi ne IDSR, wato tsarin sa ido kan cututtuka da ɗaukar mataki a kansu, wanda ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998 a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, Najeriya kuma ta fara aiki da shi a 2001. A kowane asibiti ko sha-ka-tafi ana ware ma'aikaci guda wanda shi ne idon wannan jami'i.

Akwai cututtukan da ba a kwana da labarinsu. Idan ma'aikaci ya ga ko da mutum ɗaya da ake zargin yana da kwalara, sanƙarau, ƙyanda, mashaƙo, zazzaɓin Lassa ko cutar shawara, ko kuma ya ga yaro ɗan ƙasa da shekara 15 wanda ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya, wajibi ne ya sanar cikin awa 24 ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Bayan wannan akwai rahoton da ake turawa farkon kowane mako, da kuma na wata-wata. Ko asibiti bai ga kowa ba dole ya rubuto cewa bai gani ba, domin shiru ba ya nuna mana ko lafiya ake ko kuwa ma'aikacin ne ba ya nan. Daga hannuna rahoto yana zuwa ga babban jami'in annoba na ma'aikatar lafiya ta jiha, daga can ya wuce Abuja wurin NCDC, hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, wadda aka kafa a 2011 aka kuma sanya hannu kan dokarta a 2018. Yanzu akwai manhajar SORMAS da muke shigar da bayanai ta waya ko kwamfuta, ta yadda jiha da Abuja za su gani a lokaci guda.

Adadin da kuke ji kuwa daga wata doguwar takarda yake fitowa, wadda kowane layi a cikinta mutum ɗaya ne: sunansa, shekarunsa, unguwarsu, ranar da ciwon ya fara, ko an taɓa yi masa rigakafi, ko an ɗauki samfur, da kuma ko ya warke ko ya rasu. Ranar da ciwon ya fara ta fi mana muhimmanci a kan ranar da aka kawo mutum asibiti, domin idan aka jera ranakun ne ake gane ko a wuri ɗaya mutanen suka kwaso cutar, kamar rijiya ko abincin biki, ko kuwa daga wannan take tsallakawa zuwa wancan. Kowace cuta kuma tana da ma'auninta. A sanƙarau, idan aka samu mutum 3 cikin kowane 100,000 a mako guda sai a tashi bincike, idan suka kai 10 an shiga annoba. A ƙyanda, mutum 5 da ake zargi cikin wata guda a wuri ɗaya sun isa. Kwalara kuwa, mutum ɗaya da gwaji ya tabbatar ya wadatar.

Malamin Firamare:
Na gode, Malam, bayanin ya fito sarai. Amma idan har tsarin haka yake, me ya faru a Zamfara a 2017? Mun ji yadda sanƙarau ya yi ta'adi kafin allura ta iso, kuma a lokacin ai akwai wannan jami'i da kake magana a kowace ƙaramar hukuma.

Jami'in Sa Ido:
Akwai shi, Malam, kuma wannan annoba ita ce misalin da ake ba mu a kowane taron horo. Cutar ta fara a Zamfara cikin Disamba 2016, amma labarinta bai isa Abuja ba sai cikin Fabrairu 2017. Kafin a shawo kanta ta bazu zuwa Sakkwato, Katsina, Kebbi, Neja da wasu jihohi, an lissafa fiye da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu.

Gaskiyar magana ita ce takardata ba ta ganin kowa sai wanda ya taka ƙafarsa zuwa asibiti, kuma ma'aikaci ya gane abin da yake gani, kuma ya rubuta. Yaron da ya sandare da dare a ƙauyen da ke da nisa da titi, aka yi masa tofi da hayaƙi, ya cika kafin gari ya waye, aka kai shi makwancinsa da hantsi, ba zai taɓa shiga lissafi ba sai idan wani ya je ya tambaya. Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce kada mu zauna a ofis muna jiran rahoto. Ana so mu riƙa zagayawa asibitoci, mu buɗe rajistar marasa lafiya mu bi ta shafi-shafi, domin sau da yawa za ka tarar an rubuta zazzaɓin cizon sauro a gaban sunan yaron da ya zo da sanƙarewar wuya da farfaɗiya. Wannan zagaye yana buƙatar babur mai lafiya da mai a cikinsa, ga kuɗin waya, kuma a wurare da yawa ba a ware wa wannan aiki kuɗin da zai ishe shi ba. A inda tsaro ya taɓarɓare kuma akwai mazaɓun da ma'aikaci ba ya iya shiga sam. Ba zan ɓoye ba, akwai kuma shugabannin da ba sa son a ce annoba ta ɓulla a zamaninsu, sai ƙaramin ma'aikaci ya ji nauyin kai labarin da ya san ba a marhabin da shi. Ma'aunin da ake ƙoƙarin cim ma yanzu shi ne 7-1-7, wato a gano ɓullar cuta cikin kwana 7, a sanar cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. A ganina na farkon shi ne ya fi ba mu wuya.

Mai Kemis:
Malam Jami'i, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A ƙauye da bayan gari, kafin mutum ya nufi asibiti sai ya biyo ta wurinmu, sau da yawa ma ba marar lafiyar ne zai zo ba, yaro za a aiko da kuɗi a dunƙule a hannu a ce a ba da maganin gudawa. Mun fi kowa saurin ganin canji, domin idan kwalin ORS, wato haɗin gishiri da sukari na masu gudawa, da ya saba daɗewa a kan kanta ya ƙare a yini guda, kuma duk masu sayen daga layi ɗaya suke fitowa, ba sai an gaya mini cewa wani abu ya faru a wannan layi ba. Haka mai sayar da likkafani, haka masu haƙan kabari, haka limamin da ke sallar jana'iza. Abin da ya hana yawancinmu magana tsoro ne. Mai kemis yana ganin idan ya kira hukuma, waɗanda za su zo ba cutar za su fara nema ba, takardar izininsa za su tambaya, su ƙirga magungunan da ke kan kanta, ƙarshe a garƙame masa shago. Muddin kai rahoto zai zama mutum ya kira wa kansa ruwa, to ku yi haƙuri, za a ci gaba da yin shiru.

Jami'in Sa Ido:
Maganarka gaskiya ce, ɗan'uwa, kuma an taɓa gwada gyara ta har ta yi aiki. A yaƙin da aka yi da shan inna, kowane jami'i yana da jerin mutanen gari da yake ziyarta: masu ɗori, masu maganin gargajiya, unguwar zoma, wanzamai da masu kemis, saboda uwar da ƙafar ɗanta ta saki wurin mai ɗori take fara zuwa. Ba a tambayar su takarda, lambar waya ake ba su, wanda ya kawo labarin da ya tabbata kuma a ba shi ɗan abin hasafi. Muna da littafi na musamman da muke rubuta duk jita-jitar da ta iso mu, da ranar da ta iso, da abin da bincike ya nuna. Da irin wannan bibiya aka kai ga cewa ba a sake ganin ƙwayar shan inna ta asali a Najeriya ba tun bayan wadda aka samu a Borno a 2016, har aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta 2020. Sai dai yawancin kuɗin wannan aiki na masu ba da tallafi ne, kuma don shan inna aka ba da shi. Sauran cututtukan a inuwarsa suka raɓa.

Malamar Jinya:
Ina goyon bayan a jawo masu kemis a jiki, amma Malam mai kemis, akwai rabon da yake naku. Kai rahoto ba shi da amfani idan an ajiye marar lafiya a bayan shago ana yi masa ƙarin ruwa har sai idanunsa sun faɗa, sannan a ɗauko shi a Keke Napep a kawo mana. Mun ga haka ƙarara a annobar mashaƙo da aka sanar da NCDC ɓullarta a Kano da Legas a Disamba 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha jin jiki a cikinta.

Mashaƙo yana farawa kamar ciwon maƙogwaro na yau da kullum, da ɗan zazzaɓin da bai kai ya tayar da hankali ba. Uwa za ta sayo maganin mura, idan bai yi ba a kira wanzami ya cire belu. Kafin a kawo yaron wuyansa ya kumbura, muryarsa ta dushe, idan kika ce ya buɗe baki kika haska da tocila sai ki ga wani abu mai launin toka ya manne a maƙogwaronsa, wanda da an taɓa shi sai jini. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ƙwayar tana fitar da dafi da ke taɓa zuciya, har yaro ya ji sauƙi a sallame shi, bayan mako biyu ko uku ya faɗi. Allurar da ke karya wannan dafi tana aiki ne kafin ya shige cikin jiki, don haka kowane yini da aka ɓata a gida asara ce da ba ta dawowa.

Ga ɓangaren da ya shafi tambayar Malamin Firamare. Duk yaron da aka kwantar, ma'aikatan ƙaramar hukuma suna bin sa har gida su rubuta sunan duk wanda ya kwana ɗaki ɗaya da shi ko suke cin abinci tare, a ba su maganin kashe ƙwayar cuta, a yi wa wanda bai cika allurarsa ba, a kuma riƙa leƙa su har kwana 10. A nan ake gamuwa da cikas, domin wasu iyayen adireshin ƙarya suke bayarwa don kada maƙwabta su ga motar asibiti a ƙofar gidansu. Kuma yawancin yaran da suka kamu ba su samu cikakkiyar allurar Penta mai karewa daga mashaƙo ba, wadda ake yi wa jariri kyauta a mako 6 da mako 10 da mako 14.

Tsohon Dubagari:
Na saurare ku duka, 'ya'yana, kuma ban ƙaryata kowa ba, amma ina ganin kun fi ba da ƙarfi ga ƙirga marasa lafiya a kan hana su kwanciya. Waɗanda suka koya mana aiki sun yi shi tun zamanin En'e, lokacin da dubagari yake shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai da makwararar ruwa, ya bi mahauta da masu tuwo-tuwo, wanda ya saɓa kuma ya biya tara a gaban alƙali. Ƙa'idar da muka sani ita ce tsakanin masai da rijiya kada ya gaza mita 30, kuma masai ya kasance ta gangare. Ku shiga sababbin unguwannin da aka yanka fili ƙanana ku auna, za ku tarar da masan wannan gida yana jingine da rijiyar maƙwabcinsa, katanga ce kaɗai a tsakani. Da ruwan sama ya sauka ƙasa ta jiƙa, an gama. Ga bututun famfo da ya fashe a cikin kwata, ga 'yan ga-ruwa da ba wanda ya san inda suke ɗebowa.

A 2021 an lissafa fiye da mutum 111,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a ƙasar nan, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Bauchi, Jigawa, Kano da Zamfara su ne a kan gaba. Babu wanda zai ce mini rashin manhaja ne ya jawo wannan. Kowane tsohon ma'aikaci yana iya nuna maka unguwannin da za ta ɓulla tun kafin hadari ya haɗu, domin su ne dai na bara da na bara waccan. Me zai hana a zuba wa rijiyoyinsu sinadarin kulorin, a yashe magudanansu tun cikin watan Mayu?

Jami'in Sa Ido:
Allah ya ƙara girma, Baba. Ba ni da ja a kan cewa ruwa mai tsabta da masai mai kyau su ne maganin kwalara na dindindin, kuma yadda aka yi sakaci da aikin dubagari ya cutar da mu. Sai dai ina roƙon kada a raba ayyukan biyu, domin takardar nan tawa ita ce ke nuna wa dubagari rijiyar da zai fara dosa. Idan muka ɗora gidajen marasa lafiya a kan taswirar mazaɓa muka ga sun kewaye wuri guda, tawagar gaggawa ta ƙaramar hukuma tana fita da ni da dubagari da ma'aikacin gwaji da mai wayar da kai, a rufe rijiyar ko a zuba mata magani, a raba ƙwayar tsabtace ruwa gida-gida, a kafa wurin ba da ruwan gishiri da sukari kusa da jama'a, a kuma koya wa masu wankan gawa yadda za su kare kansu, kada wanda ya yi wanka ya koma ya sa hannu a abincin zaman makoki.

Bibiya kaɗai ma ta taɓa tsayar da annoba a ƙasar nan. Ranar 20 ga Yuli 2014 wani matafiyi daga Laberiya mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas da cutar Ebola, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, abin da ya zama ajalinta. An rubuta mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, aka riƙa zuwa wurin kowannensu kullum ana auna zafin jikinsa har kwana 21. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Najeriya ta rabu da ita, kuma a lokacin babu allurar rigakafinta.

Tsohon Dubagari:
Na san wannan tarihi, kuma aiki ne da ya cancanci yabo. Amma ka lura da dalilin da ya sa aka samu motoci da ma'aikata da kuɗi cikin 'yan kwanaki: cuta ce da ta shigo ta jirgin sama, ta tsorata babba da yaro. Kwalara tana kashe wanda ke shan ruwan rijiya, sanƙarau yana kashe wanda ke kwana mutum goma a ɗaki ɗaya marar taga. Ranar da za a ba mutum 8 na ƙauye darajar da aka ba waɗancan 8, ranar za ka samu man babur ɗinka.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji:
Baba ya faɗi magana mai nauyi. Ina so in ƙara wani wuri da labari yake maƙalewa wanda ba a ambata ba, wato tsakanin gadon marar lafiya da ɗakin gwaji. A sanƙarau bai isa a ce sanƙarau ne ba, sai an san nau'insa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Najeriya a 2011 ta kusa kawar da nau'in A, amma wanda ya ɓulla a 2017 nau'in C ne, wanda waccan allura ba ta karewa daga gare shi. Rumbun allurai na duniya kuma ba ya sakin allura sai ƙasa ta nuna shaidar gwaji. Wannan yana nufin sai an samu wanda ya iya ɗibar ruwan ƙashin baya, iyaye sun yarda, an ɗiba kafin a fara ba da magani ko jim kaɗan bayan haka, an zuba a kwalbar da ta dace, kuma ba a sanya ta a ƙanƙara ba, domin ƙwayar sanƙarau sanyi yana kashe ta. Samfurin shan inna kuwa akasin haka ne: bayan gida sau biyu, da tazarar aƙalla awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a akwatin sanyi har Ibadan ko Maiduguri. Direba ɗaya da ya ajiye akwati a rana a tasha yana iya ɓata aikin mako guda.

An samu ci gaba. Akwai babban ɗakin gwaji na ƙasa a Gaduwa da ke Abuja, akwai kayan gwajin kwalara na nan take da ake iya amfani da su a ƙauye, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV mai karewa daga nau'i biyar na sanƙarau. Abin da nake roƙo shi ne sakamako ya riƙa komawa har wurin ma'aikacin da ya ɗauki samfur da iyayen da suka yarda aka ɗiba. Wanda ya aika sau biyu bai ji amsa ba, ba zai aika na uku ba.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaishe ku daga wannan ɓangaren iyaka. Tsarinmu a Nijar bai bambanta da naku sosai ba: kowace cibiyar lafiya tana aika lissafin cututtukan da doka ta wajabta sanarwa duk mako zuwa gunduma, daga nan zuwa jiha, sannan Yamai, inda cibiyar CERMES take gwada samfurin sanƙarau. Matsalar ita ce takardar jami'inku tana tsayawa a Jibiya, ta namu kuma a Dan Isa, amma jama'a kasuwa ɗaya suke ci, aure ɗaya suke yi. Kwalarar da ta kama gundumar Madarumfa a Yuli 2018, marasa lafiyar farko daga Jibiya aka kawo su. A ƙarshen 2022 kuma sanƙarau ya tashi a jihar Damagaram, ba a jima ba aka gan shi a Jigawa da ke maƙwabtaka da ita. Ba ina ɗora laifi a kan kowa ba, domin cutar tana bin hanya ta kowace fuska. Tambayata ga Malam Jami'i ita ce, idan marar lafiya ya ce maka daga ƙetaren iyaka ya zo, wa kake kira?

Jami'in Sa Ido:
A ƙa'ida, ɗan'uwa, labarin zai hau zuwa jiha, ya je Abuja, ya tsallaka Yamai, sannan ya gangaro zuwa gundumar da ba ta fi tafiyar awa guda daga inda aka kwantar da marar lafiyar ba. A aikace, jami'an ƙananan hukumomin bakin iyaka da suka san aikinsu suna riƙe da lambar takwarorinsu na can, kuma a zamanin yaƙi da shan inna ana yin tarukan haɗin gwiwa har a daidaita ranakun rigakafi a ɓangarorin biyu. Wannan zumunci ya dogara ne da mutane, idan aka canja wa jami'i wurin aiki sai a koma farawa daga tushe, kuma ina ganin ya kamata a mayar da shi wajibi a rubuce.

Malamin Firamare:
Akwai abin da Malamar Jinya ta faɗa game da adireshin ƙarya wanda bai kamata mu wuce shi ba. Tsoron da mutanenmu suke yi yana da asali. A annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kama fiye da mutum 100,000 ta kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kimanin 200 a Kano, shari'ar ba ta kai ga sasantawa da gwamnatin jihar ba sai 2009. Wannan yana cikin abin da ya ba jita-jita ƙarfi har aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, sai a 2004 aka ci gaba. Abin da ya dawo da amincewa shi ne shigowar sarakuna da malamai, musamman kwamitin sarakunan Arewa da aka kafa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi. Idan mai unguwa ne ya yi sallama a ƙofar gida ana buɗewa. Ina ganin mu malaman makaranta ma muna da abin bayarwa, tunda kowace safiya muna kiran suna. Idan na ga yara da yawa daga unguwa ɗaya sun daina zuwa, wa zan gaya wa, kuma me zan ce?

Jami'in Sa Ido:
Ka fara da shugaban asibitin da ya fi kusa da makarantarku, ka kuma nemi lambar jami'in sa ido na ƙaramar hukumarku a sashen lafiya da ke sakatariya tun kafin buƙata ta taso. Idan ba ka same su ba, akwai layin NCDC na kyauta, 6232. Ba a buƙatar ka san sunan cutar. Ka faɗi yara nawa ne, shekarunsu, unguwarsu, ranar da na farko ya kwanta, abin da iyaye suka ce suna gani, da ko an yi rasuwa. Ka sanar da mai unguwa a rana ɗaya, domin da shi za mu shiga gidajen. Ko da bincike ya nuna ba komai ba ne, ba wanda zai zarge ka, a littafi za mu rubuta mu rufe.

Mai Kemis:
Idan da tabbacin cewa haka za a karɓe mu, mu ma za mu kira. Ina ganin hanyar da ta fi sauƙi ita ce jami'i ya zo taron ƙungiyarmu ta masu kemis ya ba da lambarsa a gaban shugabanni, ya kuma faɗa da bakinsa cewa aikinsa daban ne da na masu duba izini. Maganar Malama a kan ajiye marar lafiya a shago kuma zan kai ta gaban taron.

Malamar Jinya:
Allah ya ba da iko. Malamin Firamare, akwai abu guda da nake son ka isar ga shugabannin makarantu, musamman na kwana da na tsangaya. Idan cuta ta ɓulla, abin da ake fara tunani shi ne a rufe makaranta kowa ya tafi gida, kuma ana yin haka ne da kyakkyawar niyya. Amma yaron da ya kwana kusa da mai mashaƙo ko sanƙarau yana iya ɗauke da ƙwayar a maƙogwaronsa alhali yana wasa lafiya lau, idan aka sallame shi ba magani sai ya kai ta garinsu, inda babu wanda yake tsammaninta. Kada a sallami kowa sai ma'aikatan lafiya sun zo sun rubuta sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar iyayensa, sun ba waɗanda suka cancanta magani, sun kuma sanar da ƙananan hukumomin da yaran za su koma. Kafin su iso, a ware marar lafiyar a kai shi asibiti, a rage cunkoso a ɗakin kwana, a buɗe tagogi, a kuma hana shan ruwa da moɗa ɗaya.